Neman Mafi Kyau Ko Tsayawa Kan Abin Da Ya Isa: Wace Hanya Ta Fi Wajen Yanke Shawara?

Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya taɓa kawo wani misali a muhawararsa da masana falsafa. A ajiye wa mutum dabino biyu, girmansu ɗaya, kyansu ɗaya, nisansu da hannunsa ɗaya, a ce masa ɗaya kaɗai zai iya ɗauka. Shin zai zauna yana kallonsu har abada don babu abin da ya fifita wannan a kan wancan? Ghazali ya ce a'a, zai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, domin mutum yana da ikon zaɓi ko da abubuwan sun yi kunnen doki. A Turai kuma misalin jaki ne ya shahara, wanda ake jinginawa ga Jean Buridan, malamin falsafa na Faransa a ƙarni na 14: jaki tsakanin tarin ciyawa biyu iri ɗaya, ya rasa wanda zai nufa har yunwa ta kashe shi.

Mu a yau ba dabino biyu ake ajiye mana ba. Wanda zai sayi kwamfuta, ko ya kama gidan haya, ko ya zaɓi fannin da zai karanta, ko ya amsa tayin aiki, abubuwa barkatai ne a gabansa, kuma babu biyun da suka yi daidai. Wannan ya fi araha, wancan ya fi ƙarko, na ukun ya fi kusa, na huɗun ma ba a gan shi ba tukuna sai an ƙara bincike. Manyan hanyoyin fita daga wannan ruwan ido biyu ne. Ko dai mutum ya dage sai ya gano wanda ya fi duka, ko kuma ya tsayar da sharuɗɗansa tun kafin ya fara dubawa, da zarar ya ci karo da wanda ya cika su ya ɗauka ya wuce. Zan kira ta farko hanyar mafifici, ta biyu hanyar ya-isa. Masana tattalin arziki sun shafe shekaru da dama suna kai ruwa rana a kansu, kuma ina ganin abin da suka gano bai kamata ya tsaya a ajin jami'a ba.

Abin da ya tilasta zaɓi tun farko shi ne ƙaranci. A 1932, Lionel Robbins na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan ya fayyace fannin tattalin arziki da cewa nazari ne na yadda ɗan Adam ke tafiyar da al'amuransa tsakanin buƙatunsa da kuma abin biyansu, wanda bai wadata ba kuma ana iya juya shi ta fuskoki daban-daban. Ƙaranci a wannan ma'ana ya fi talauci faɗi. Attajirin da kuɗinsa ba ya ƙirguwa shi ma awa 24 gare shi a yini, jiki ɗaya gare shi, ba zai halarci wuri biyu lokaci guda ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Daga nan ne aka samo darasin da ya fi kowane muhimmanci a fannin: ainihin tsadar abu ita ce abu mafi amfani da mutum ya haƙura da shi don ya samu wannan. Wanda ya koma ƙarin karatu na shekara uku, kuɗin makaranta kaɗai ake gani ya biya, alhali ya biya har da albashin shekara uku da bai karɓa ba da gogewar aikin da bai samu ba. Frédéric Bastiat, Bafaranshe, ya yi wannan bayani a 1850 da misalin tagar da aka fasa: kowa yana ganin kuɗin da mai gyaran gilashi ya samu, babu wanda yake ganin takalmin da mai tagar ya fasa saye saboda kuɗin ya tafi can.

Hanyar mafifici ita ce ke cikin litattafan koyon tattalin arziki na farko, kuma tana da asali mai ƙarfi. A 1871 William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya, sannan Léon Walras a 1874, kowannensu ya kai ga tunani iri ɗaya: mai hankali yana auna ƙarin amfanin da zai samu daga ƙarin abu ɗaya, ya gwada shi da ƙarin abin da zai kashe, ya ci gaba har inda biyun suka haɗu. Mai bin wannan hanya ba ya barin riba a ƙasa. Kuma inda ta dace, babu kamarta. Idan kaya iri ɗaya ne sak a wuri biyar, bambancinsu farashi kawai, kuma duka farashin suna gabanka a shafi guda, babu dalilin ɗaukar wanda ba shi ne mafi araha ba. Masana'antu da kamfanonin jiragen sama da na dakon kaya a kanta suke rayuwa. Tun da George Dantzig ya fito da dabararsa ta lissafi a 1947, ake amfani da irinta wajen gano yadda za a raba injuna da ma'aikata da man fetur a samu aiki mafi yawa da kuɗi mafi ƙaranci. Wurin da kashi ɗaya cikin ɗari yake nufin miliyoyi, wanda ya ce "wannan ma ya isa" ya cuci masu dukiyar.

Sai dai a duba abin da hanyar ke nema daga mai binta. Tana so ya san duk zaɓin da ke akwai. Tana so ya san abin da kowanne zai haifar. Tana so a iya ɗora su duka a sikeli ɗaya. Kuma, abin da ba a cika faɗa ba, tana ɗauka cewa binciken da lissafin kyauta ne. A gwada wannan da abu mai sauƙi: mutum yana da ayyuka 10 da zai yi yau, yana son jerin da ya fi kowane dacewa. Hanyoyin jera abu 10 sun kai 3,628,800. Idan ayyukan suka zama 15, hanyoyin sun haura tiriliyan ɗaya. Babu mai bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko da zai iya, rana za ta faɗi bai fara aikin farko ba.

Wannan giɓi shi Herbert Simon ya sa wa ido. Ba'amurke ne da ya yi mafi yawan aikinsa a jami'ar da ake kira Carnegie Mellon a yau, a birnin Pittsburgh, kuma ya fara ne da nazarin yadda ake yanke shawara a ofisoshi da hukumomi. Abin da ya gani shi ne manajoji ba sa jera duk zaɓi su auna. Suna da wani matsayi a ransu na abin da za su iya karɓa, suna nema har su samu wanda ya kai shi, sai su tsaya. A rubuce-rubucensa na 1955 da 1956 ya nuna cewa wannan ba sakaci ba ne, dabara ce ta halittar da hankalinta da lokacinta da bayananta suke da iyaka. Har suna ya ƙirƙira wa dabarar ta hanyar haɗa kalmomin Ingilishi biyu, ɗaya mai nufin gamsarwa, ɗaya mai nufin isarwa. Shi da James March sun kawo kwatanci a 1958 da nake ganin ya gama bayanin: akwai bambanci tsakanin tona tarin ciyawa don neman allurar da ta fi kowace tsini, da tona shi don neman allurar da tsininta ya isa a yi ɗinki. Mai neman ta farko dole ya tona tarin duka, ko da ya same ta a minti na farko, don ba zai san ita ce ba sai ya ga sauran. Mai neman ta biyu da ya samu zai koma kan ɗinkinsa. An ba Simon lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1978.

Simon ɗin ne kuma ya yi hasashe a 1971, tun kafin intanet ta shiga gidaje, cewa yalwar bayanai tana haifar da ƙarancin natsuwa, domin abin da bayani yake ci shi ne hankalin mai karɓarsa. Na daɗe ina juya wannan magana. Da yawanmu mun ɗauka tunda yanzu ana iya duba kaya ɗari a waya, hanyar mafifici ta zama mai sauƙi. Tarin ciyawar ne ya ƙara girma, awannin yini suna nan yadda suke.

To, bincike nawa ne ya isa? George Stigler na Jami'ar Chicago ya amsa wannan a 1961 da kayan aikin hanyar mafifici kanta, inda ya ce a ɗauki neman bayani kamar kowace haja mai tsada da amfani. Bari mu yi lissafin da lambobin misali. A ƙaddara farashin wani abu yana warwatse daidai wa daida tsakanin 100 da 200 a wajen masu sayarwa. Wanda ya saya a wurin farko da ya tambaya, a matsakaici zai biya 150. Wanda ya tambayi wuri biyu ya ɗauki mai araha zai biya kusan 133. Wuri uku, 125. Wuri huɗu, 120. Wuri biyar, kusan 117. Wuri goma, kusan 109. A lura da yadda ribar ke tsukewa: tambaya ta biyu ta rage 17, ta uku 8, ta huɗu 5, ta biyar 3, ta goma ko 1 ba ta cika ba. Idan kowace tambaya tana cin lokaci da zirga-zirgar da darajarsu ta kai 4, wuri na huɗu ne ya kamata a tsaya, na biyar asara ce. Idan kuma abin ya ninka haka goma a tsada, wato tsakanin 1,000 da 2,000, tambayar tana biyan kanta har zuwa wuri na 15. Tsada ta ninka goma, binciken da ya dace bai kai ninki huɗu ba.

Nan ne abin ya fi burge ni. Da aka sa tsadar bincike a cikin lissafi, hanyar mafifici da kanta ta ce a daina nema tun ba a ga komai duka ba. John McCall ya kai maganar gaba a 1970 a kan mai neman aiki da tayi ke zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Lissafinsa ya nuna dabarar da ta fi ita ce mutum ya tsayar da mafi ƙarancin albashin da zai karɓa, ya ƙi duk tayin da ke ƙasa da shi, ya amshi na farkon da ya kai. Wannan kuwa siffar hanyar ya-isa ce. Ashe hanyoyin biyu ba su yi hannun riga kamar yadda ake zato ba. Mai ya-isa da ya tsayar da ma'auninsa da ilimi yana dab da abin da lissafi zai ba shi. Mai mafifici da ya ƙi tsayawa sai ya ga ƙarshen kasuwa, shi ne ya saɓa wa ƙa'idar da yake iƙirarin bi, don ya manta lokacinsa ma yana da abin da zai saya masa a wani wurin.

Akwai kuma yanayin da zaɓi ba ya jira. Gidan hayar da ka gani yau ka ce bari ka ƙara dubawa, gobe wani ya kama. Masana lissafi suna da wata tsohuwar matsala a kan haka, wadda Martin Gardner ya yaɗa a 1960. Mutum 100 za su zo neman aiki ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai a ɗauke shi nan take ko a sallame shi ba dawowa, kuma burin shi ne a dace da wanda ya fi su duka. Amsar ita ce a bar kusan 37 na farko su wuce ana kallo kawai, daga nan a ɗauki na farkon da ya fi duk waɗanda aka gani. Wannan dabara tana dacewa da gwanin a kusan kashi 37 cikin ɗari na lokuta, wanda ya fi kashi 1 da za a samu da zaɓen tumun dare nesa ba kusa ba. Amma a juya lambar: dabarar da babu wadda ta fi ta tana kuskure gwanin a kashi 63. Kuma a kusan kashi 37 gwanin yana cikin waɗanda aka sallama tun farko, sai a kai ƙarshen layi ba a ɗauki kowa ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wanda burinsa ma'aikaci nagari ne kawai, ba lallai gwanin gwanaye ba, ba ya buƙatar sallamar mutum 37, kuma da wuya ya tashi hannu rabbana.

Sai batun zuciya, wanda lissafi ba ya kamawa. Barry Schwartz da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2002 inda suka auna yadda mutane suka karkata ga ɗaya daga hanyoyin nan. Sun samu masu neman mafifici sun fi yawan da-na-sani, sun fi gwada kansu da wasu, kuma sun fi ƙarancin gamsuwa. A 2006 Sheena Iyengar da Rachael Wells da Schwartz suka bi ɗalibai sama da 500 daga jami'o'i 11 a Amurka a shekararsu ta ƙarshe, lokacin da suke neman aiki. Masu neman mafifici sun samu ayyukan da albashinsu na farko ya fi na sauran da kusan kashi 20 cikin ɗari. Duk da haka sun fi rashin jin daɗin aikin da suka samu, kuma sun fi shan damuwa da gajiya a lokacin neman. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai ya-isa yana gwada abin da ya samu da ma'aunin da ya tsayar, ya ga ya kai. Mai mafifici yana gwada nasa da wani abu da wataƙila yana can bai gani ba, kuma wannan abu ba ya ƙarewa.

Ban yarda a ɗauki wannan sakamako a yi ta yayata cewa neman mafi kyau cuta ce ba. Kashi 20 na albashi ba abin wasa ba ne, musamman da yake ƙarin albashi na gaba yawanci a kan na farko ake gina shi. Wasu masu bincike da suka sake fasalin tambayoyin awon daga baya sun samu cewa abin da ke tafiya da baƙin ciki shi ne wahalar yanke shawara da yawan waige, ba girman buri ba. Haka ma shahararren gwajin da Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, wanda aka yi a wani kanti a Kalifoniya: da aka baje nau'in jam (abin shafa wa burodi da ake yi da 'ya'yan itace) 24, kashi 3 cikin ɗari na waɗanda suka tsaya ne suka saya, da aka baje 6 kuwa kashi 30 suka saya. An yi ta kafa hujja da shi cewa yawan zaɓi yana kashe gwiwa. Amma a 2010 Benjamin Scheibehenne da abokansa suka tattara gwaje-gwaje 50 irinsa, suka ga idan an haɗa su tasirin ya kusa zama sifili: wani wuri yawan zaɓi ya hana saye, wani wuri ya ƙara shi. Ruwan ido gaskiya ne, sai dai ya fi kama wanda ya shiga kasuwa bai san abin da yake so ba.

Ita ma hanyar ya-isa tana da ramukanta, kuma wanda ya ɓoye su bai yi wa mai karatu adalci ba. Babbansu shi ne ma'aunin da aka tsayar cikin jahilci. Wanda bai san abin da ake biyan masu irin ƙwarewarsa ba zai iya sa wa kansa ma'auni ƙasa ƙwarai, ya amshi tayin farko yana murna, ya shekara biyar ana cin guminsa. Na biyu, kasala tana iya sa rigar ƙana'a. "Ya isa" da aka faɗa bayan an duba daban take da "ya isa" da aka faɗa don gudun dubawa. Na uku, masu sayarwa sun san yawancin mutane a kan abin da aka fara miƙa musu suke tsayawa, don haka abin da ke saman shafi ko wanda aka riga aka zaɓa maka a fom ba lallai don amfaninka aka sa shi can ba. Na huɗu kuma ya shafi abin da ake biya a kai a kai. Ɗan bambanci a sayen da za a yi sau ɗaya ba komai ba ne, amma ɗan bambanci a cajin da ake cira duk wata yana taruwa shekara da shekaru ya zama dukiya.

Akwai wata magana da nake so a riƙe, domin masu ba da shawarar "kada ka wahalar da kanka" sukan manta da ita. Lissafin Stigler ya dogara ne da darajar lokacin mutum idan an gwada da girman abin da zai saya. Wanda awarsa ɗaya ke kawo masa kuɗi mai yawa, yawon neman ragi asara ce gare shi. Wanda abin da zai saya ya cinye rabin abin da yake samu a wata, tambaya ta biyar da ta shida ma riba ce. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da ke zagaye yana taya kaya ba ruwan ido ke damunsa ba, lissafinsa daidai ne. Abin takaicin shi ne wannan lissafi na kullum yana cin hankali, kamar yadda Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir suka yi bayani a 2013: ƙaranci yana tattara tunanin mutum kan buƙatar da ke gabansa, ya rage masa sararin tunanin abin da ke nesa. Shi ya sa ma wanda ke cikin matsi ya fi kowa buƙatar ware 'yan wuraren da zai ƙure bincike, ya sassauta wa kansa a sauran.

Ga inda na tsaya. Hanyar ya-isa ita ta cancanci zama ta kullum, hanyar mafifici kuma a ajiye ta don shawarwari ƙalilan da suka cancanci wahalarta. Abin da na fi dubawa kafin in ware shawara cikin ƙalilan ɗin shi ne ko ana iya warware ta. Abin da za a iya mayarwa, ko a canza bayan wata ɗaya ba tare da babbar asara ba, gwada shi ya fi nazarinsa arha, kuma amfani da shi na mako guda zai koya maka abin da karanta ra'ayoyin mutum ɗari ba zai koya ba. Abin da in an shiga an shiga, kamar tiyata, ko sa hannu a yarjejeniyar shekaru, ko zuba ajiyar rayuwa a harka ɗaya, a nan a ƙure bincike, a nemi ra'ayin gwani na biyu, a kwana a kai. Bayan wannan sai girman abin a kan ƙarfin mutum, sai kuma ko zaɓin zai jira ko zai tafi.

Sikeli kuma yana da nasa hukunci. Neman mafifici yana da ma'ana ne inda ake auna abu ɗaya, kamar farashi ko nisa ko caji. Amma a ce aiki biyu ne, ɗaya ya fi albashi, ɗaya ya fi barin mutum ya ga iyalinsa da ido biyu. Babu lissafin da zai ce awa ɗaya da 'ya'ya daidai take da kaza na kuɗi, sai mai shawarar ne zai yanke wa kansa. A irin wannan, kalmar "mafi kyau" ba ta da abin kamawa, kuma wanda ya dage sai ya gano shi zai yi ta kai gwauro ya kai mari tsakanin biyun. Abin da ke aiki shi ne a sa wa kowane ɓangare ƙasan da ba za a sauka ba: albashi kada ya gaza kaza, lokacin gida kada ya gaza kaza. Idan duka biyun sun tsallake kuma har yanzu an kasa fifita ɗaya bayan an auna da gaske, wannan kasawar alama ce cewa tazararsu ba ta da yawa, don da tana da yawa da an gani. An koma kan dabinon Ghazali, kuma jinkiri ne kaɗai ke da tsada a nan.

Tarko ɗaya yana kama masu bin hanyoyin biyu, wato waiwayen abin da aka riga aka kashe. Mai mafifici yakan ce, na yi wata uku ina nema, ba zan ƙare a kan wannan ba. Mai ya-isa yakan ce, na riga na biya, dole in zauna da shi. Dukansu suna sa abin da ba zai dawo ba a cikin lissafin gaba. Birtaniya da Faransa sun rattaba hannu kan ƙera jirgin sama mai suna Concorde a 1962, kuɗin aikin ya yi ta ninkuwa, kamfanonin waje da suka nuna sha'awa suka janye, amma aka ci gaba. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi jigilar fasinja daga 1976 har aka ajiye su a 2003, kuma sunan jirgin ya zama laƙabin wannan kuskure. Wata ukun da aka ɓata sun tafi ko an tsaya ko an ci gaba. Tambayar da ta rage ita ce ko mako na gaba na nema zai kawo abin da ya fi abin da zai ci.

Wanda ya zaɓi hanyar ya-isa, duk nauyin aikinsa yana kan tsayar da ma'auni, kuma a nan ne ya kamata ya aro himmar mai mafifici. Ya fara da leƙen kasuwa ba da niyyar ɗauka ba, ya duba uku ko huɗu, ya tambayi waɗanda suka riga shi, don ya san abin da ake samu. Sannan ya rubuta sharuɗɗansa, a rubuce ba a ka ba, domin sharaɗin da ke ka yana narkewa a gaban mai iya talla. Kada su wuce uku ko huɗu, kuma kowanne ya zama abin da za a iya cewa ya cika ko bai cika ba. Wanda ya jera sharaɗi 12 neman mafifici yake yi da wani suna. Ya sa wa neman wa'adi. Simon ya lura cewa ma'aunin mutane yana hawa idan samu ya yi sauƙi, yana sauka idan ya yi wuya, kuma haka ya kamata: idan uku na farko duk sun tsallake cikin sauƙi, ma'aunin ya yi ƙasa, a ɗaga shi. Idan wa'adi ya cika babu wanda ya kai, a sassauta sharaɗi ɗaya, wanda rashinsa ya fi sauƙin jurewa, a bar sauran yadda suke.

Bayan an ɗauka kuma a rufe shafukan. Ci gaba da duba farashin abin da aka riga aka saya ba ya dawo da ko sisi, sai dai ya rage daɗin abin da ke hannu. Inda na ware shi ne abubuwan da ake biya duk wata ko duk shekara, irin su kuɗin intanet da cajin asusu da inshora. Waɗannan a sa musu rana ɗaya a shekara, a zauna awa ɗaya ko biyu a jera duk masu bayarwa, a gwada su a kan lamba ɗaya, a koma wurin wanda ya fi idan bambancin ya fi wahalar sauyawa. Sauran kwanakin shekarar a bar su suna tafiya.